Littafin aikin tagogin alminiyam na gidanmu

Asabar, 5 ga Afrilu

Na buɗe wannan littafi ne don kada abin ya rikice mini, domin tagogin 11 ne, kuma kowace da irin nata ciwon. Guda 8 masu zamewa ne, waɗanda ake turawa gefe. Biyu na banɗaki suna buɗewa waje a kan hinji, ɗaya kuma ta saman matakala kafaffiya ce, ba a buɗe ta. Shekara 9 ke nan da saka su, kuma in faɗi gaskiya, ban da goge gilashi kusan ba mu taɓa yi musu komai ba.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne bangon ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Tun ruwan bara fentin wurin ya kumbura yana ɓarewa. Na kira wani mai aikin alminiyam, ya zagaya, ya tura wannan ya ja waccan, ya ce: "Yallaɓai, waɗannan sun gaji, a cire a sa sababbi kawai." Ban musa masa ba, amma na ce ya ba ni wata guda in wanke su tukuna, in ga abin da ke ƙarƙashin dattin.

Yau ban taɓa ruwa ba. Na liƙa wa kowace ɗan salatif na rubuta lamba, daga 1 zuwa 11. Uku na gaban gida fentin gari aka yi musu, ruwan ƙasa mai duhu, irin wanda ake fesawa a gasa a wuta. Sauran launin azurfa ne, masu sulɓi. Ta 2, ta 5 da ta 7 sai an sa hannu biyu kafin su motsa. Ta 4, ta ɗakin kwana, ita ce mai yoyo. Ta 6, ta kicin, maiƙo ya mayar da firam ɗinta kamar an shafa ƙaro. Ragar sauro ta yage a biyu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bokiti biyu, ɗaya na ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ɗaya na ruwan ɗauraya. Soso mai laushi, tsofaffin tsummokaran auduga, buroshin fenti busasshe da tsohon buroshin haƙora. Kayan aikin ke nan.

Kuskuren farko ƙarami ne: na zuba ruwa a kwarin ƙasa na ta 1, inda ƙyaurenta ke zamewa, kafin in share, nan take ƙurar ta zama taɓo, na ƙara wa kaina aiki. Daga ta 2 sai na sauya: a fara tono da busasshen buroshi, a zuƙe da injin shara, sannan ruwa ya biyo baya. Abin da ya fito daga kwarin taga ɗaya ya cika tafin hannu biyu: yashi, gashi, matattun ƙwari, tsinken tsintsiya, har da ɗan maɓallin riga.

A nan na ga abin da ban taɓa sanin akwai shi ba. A jikin kwarin, ta ɓangaren waje, akwai 'yan ramuka dogaye guda biyu, tsawon kowane bai wuce ƙumbar babban yatsa ba. Ashe ba a ƙera taga mai zamewa don ta hana ruwa shiga kwarinta ɗungurungum ba. Ruwa yana gangarowa daga gilashi ya taru a ciki, ramukan nan su fitar da shi waje. Namu duk sun toshe da busasshen laka, sun shafe kamar ba a taɓa huda su ba. Na zura tsinke na buɗe, na ɗura ruwa da sirinji, ɗana na tsaye a waje. Sai na ji ya ce: "Baba, ga shi yana fita!"

Tagogi uku na yi a awa 4.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bayan na taso daga aiki na yi ta 5 da ta 7. Da yamma ya fi daɗi. Ranar Lahadi rana tana dukan gilashin, sabulu yana bushewa kafin in ɗauraye, ya bar zane-zane. Wanki bai sa sun yi sauƙin turawa ba. Matsalarsu na ƙasa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na yi gyaran gangar Auzinawa, kuma gara in rubuta shi dalla-dalla.

Maiƙon tagar kicin ya ƙi jin sabulu. Na wanke sau biyu, yana nan yana danƙo. Sai idona ya faɗa kan wata robar maganin wanke murhun gashi da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Uwargida ta ce: "Baban yara, wannan fa yana da ƙarfi, ko hannu ba ya bari." Na ce ai ƙarfin nake nema. Na sa safar hannu, na fesa wa firam ɗin daga sama har ƙasa, na tafi in ba shi minti 20 ya jiƙa.

Da na dawo, maiƙon ya narke kam. Amma a kusurwar ƙasa, inda maganin ya taru, ƙananan kumfa suna ta tasowa, ga wani ruwa toka-toka yana bin jikin bango. Na kwarara ruwa bokiti uku. Da wurin ya bushe sai ga aika-aikar: sulɓin ya tafi, firam ɗin ya yi fari-fari dabbare-dabbare, ana ganin sawun duk inda maganin ya gangara, kamar sawun hawaye. In ka shafa da yatsa, sai ka ji kaushi.

Sai a lokacin na juya robar na karanta bayanta. Soda ce a ciki, mai cin nan da ake haɗa sabulu da ita, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro kada a sa wa alminiyam. Na kwana ina karatu a kan abin. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe saboda da zarar ya haɗu da iska, wata siririyar fata take rufe shi, ita ke tsare na ciki. A masana'anta ana tsoma shi cikin ruwan asid a sa masa lantarki don fatar ta yi kauri, a kayan gini takan kai maikiron 10 zuwa 25, wato ko rabin kaurin gashin kai ba ta cika kaiwa ba. Launin azurfan tagoginmu da sulɓinsu duk wannan fatar ce. Tana jure abin da ke tsakanin 4 da 9 ko kusa da haka a ma'aunin pH, mai auna ƙarfin tsami ko na soda. In abu ya wuce nan, ta ɓangaren tsami ko ta ɓangaren soda, narkar da ita yake yi. Soda kuwa tana can wajen 13 zuwa 14. Kumfan da na gani iskar haidirojin ce, alamar ta gama da fatar ta fara cin naman ƙarfen.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na yi haƙuri da ruwan zafi da sabulu, in ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai in bar shi ya yi laushi, da maiƙon ya fita. Haka na yi wa ɓangaren ciki na ƙyauren da maganin bai taɓa ba, kuma a zagaye na huɗu ya fita tas. Garin gyaran gira na taɓa ido.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na kira mai aikin alminiyam ɗin nan na nuna masa. Ya yi dariya ya ce ba ni ne farau ba, ya sha ganin wanda ya sa ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil. Ya tabbatar mini abin da na karanta: fatar ba ta dawowa a gida, sai dai a rufe wurin da fenti, ko a bar shi haka. Ƙarfin firam ɗin bai taɓu ba, kyau ne ya tafi.

Ya kuma nuna mini wasu fararen tabo a ƙasan ta 8 da ta 9, waɗanda na daɗe ina ɗauka datti ne. Ya ce sawun ɗanyen siminti ne tun lokacin filasta. Siminti da farar ƙasa dangin soda ne, in suka kwana a jikin alminiyam suna jiƙe, sun ci wurin ke nan. Shi ya sa sababbin tagogi suke zuwa da leda a jiki, kuma bai kamata a ɓare ta ba sai magina sun gama.

Na tambaye shi ko in goge tabon da soson ƙarfe. Ya ce: "Kul, Yallaɓai." Yana karce fatar, sannan ya bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin karcen, in ruwa ya taɓa sai ka ga jan ɗigo-ɗigo na tsatsa a jikin abin da ba ya tsatsa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ban yi komai ba duk makon nan. Jikina ya yi sanyi. Duk shigar da zan yi kicin sai idona ya kai wurin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na koma kan masu taurin turawa. Cire ƙyaure ba wuya in an gane: a ɗaga shi sama ya shige kwarin sama, a jawo gindin ciki, a sauke. A ta 5 ya ƙi ɗaguwa, ashe akwai wata 'yar roba da aka ɗaure a kwarin sama don hana ɓarawo ɗaga shi daga waje. Sai da na kwance ta. Aikin mutum biyu ne. Gilashi mai kaurin milimita 5 yana da nauyin kilo 12 da rabi a kowace murabba'in mita, ƙyaure ɗaya a nan ya haura kilo 15, kuma ba shi da wurin riƙo mai kyau. Ƙanina ya zo ya kama mini, muka kwantar da su a kan tsohon bargo.

A ƙarƙashin kowane ƙyaure akwai 'yan tayoyi biyu na roba mai tauri. Na ta 2 lafiyarsu lau, gashi da zare ne suka naɗe su. Na ta 5 da ta 7 kuwa sun daina juyawa tun ba yau ba, ana ta jan su a kan layi har gefe ɗaya ya cinye ya zama shafaffe. Duk shekarun nan ƙyauren ja da ciki yake yi. Layin da suke bi ma ya fara cinyewa, ya yi ƙyalli da siririn kwari a tsakiya.

Kuma na gano sanadin. Wani lokaci can baya ni da kaina na shafa wa layukan nan giris don su yi santsi. Giris ya kama ƙura da yashi, ya zama kamar takardar gurza, ya shiga cikin tayoyin ya daskare. Awa guda na yi ina goge baƙin danƙon da tsumma da ɗan sifirit.

Na sayo tayoyi guda 4 da ido, ban tafi da tsohuwa ba. Na dawo, ba su shiga gurbin ba. Faɗinsu ya fi da kamar milimita 2.

Talata, 22 ga Afrilu

Na mayar, na tafi da tsohuwar taya a aljihu. An canza mini. Na yanko ɗan guntun gashin nan da ke gefen ƙyaure, mai tare iska da ƙura, na tafi da shi ma, domin shi ma faɗin gindinsa da tsawon gashinsa iri-iri ne. Na sayi mita 30. Ɗakuna biyu kwana 3 ke nan da labule kawai, mutanen gida sun fara ƙorafin sauro.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tayoyi sun shiga, amma sai da sukuru ɗaya ya cinye mini safiya. Na baƙin ƙarfe ne, ya yi tsatsa, ga wani farin gari ya kewaye shi ya riƙe shi gam. In ƙarfe iri biyu suka haɗu ga danshi a tsakaninsu, ɗaya yakan ci ɗaya, kuma a nan alminiyam ne yake ciwuwa, farin garin nan namansa ne. Na matsa da sukudireba har kan ya lalace. Na ɗiga masa man kwance tsatsa, na bar shi awa 2, na kama shi da filaya mai kullewa, da ƙyar ya juyo. Duk sukurun da na cire na maye gurbinsa da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda ya haɗa tagogin nan ya yi tsimin abin da bai kai ya kawo ba.

A gefen ƙyaure ta ƙasa akwai rami, in ka zura sukudireba za ka tarar da sukurun da ke ɗaga taya ko sauke ta. Da shi ake daidaita tsayuwar ƙyauren. Na rufe ya rage kamar faɗin yatsa, na duba tazarar sama da ta ƙasa, na yi ta juyawa rabi-rabi har suka zo daidai. Nan take sakatar ta 7, wadda shekara biyu sai an ɗaga ƙyauren da kafaɗa take shiga, ta faɗa gurbinta da kanta.

Tsohon gashin gefe ya kwanta ya zama kamar igiya. Zare shi ake yi daga bakin kwarinsa a zura sabo. Ban ja shi da ƙarfi ba, don kada ya miƙe daga baya ya tsuke ya bar giɓi a kusurwa.

Layi kuwa babu giris, babu baƙin mai. Na fesa ɗan silikon na feshi a tsumma na shafa, na goge da busasshe. Shi ne kuma na shafa wa baƙar robar da ke riƙe gilashi, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura irin wannan roba ya lalata ta. Yanzu 'yata mai shekara 6 tana tura ta 5 da yatsa biyu, kuma ta ƙi dainawa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Uku na gaba masu fenti. In ka shafa hannu sai ya ɗebo gari kamar alli, zafin rana ne ya cinye saman fentin. Bayan abin da ya faru a kicin ban ƙara yarda da komai ba sai na gwada a ɓoyayyen wuri. Na wanke da sabulu, na shafa kakin goge mota marar gurza a ƙasan ta 3 inda ba a gani, na jira. Launin ya dawo da duhunsa. Sai na bi sauran. Ban sa tina ko makamancinta ba, tana tausasa fentin.

Laraba, 30 ga Afrilu

Farin tabon ruwa a gilashin banɗaki. Ruwan khal rabi, ruwa rabi, a tsumma, minti 5, ba tare da ya zauna a kan firam ba. Na ɗauraye sosai. Kashi uku cikin huɗu ya fita, sauran ya riga ya ci gilashin.

Asabar, 3 ga Mayu

Yau ranar taga ta 4 ce, wadda saboda ita aka fara komai.

Na sa ƙanina a waje da tiyo, ni ina ciki da tocila. Na ce ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali, domin in aka fara daga sama ruwa ya jiƙa ko'ina, ba za a san ta inda ya shigo ba. Kwarin ƙasa ya cika ya zube ta ramukansa, ko ɗigo bai tsallako ciki ba. Wato toshewar nan ita ce rabin matsalar. Da ya kai gefen hagu, inda firam ya haɗu da bango, bayan kamar minti 3 sai ga danshi yana tsattsafowa a kusurwar ciki.

Daga waje silikon ɗin wurin kamar lafiyayye. Da na taɓa shi da bakin wuƙa sai ya taso kamar ɓawo, ya riga ya saki bango. Dalili a fili yake: alminiyam yana miƙewa da zafi, kimanin milimita 0.023 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Faɗin tagar mita 1.8 ne. In firam ya ɗau zafin rana ya huce da dare da bambancin digiri 30, ya motsa fiye da milimita ɗaya ke nan, kullum, shekara 9. Bango kuwa ba ya binsa daidai.

Na kankare tsohon gaba ɗaya, domin sabon silikon ba ya kama tsoho. Wannan ne aiki mafi gundura a duk abin da na yi, awa 3 a kan tsani. Na goge da sifirit, na bar shi ya bushe. Da na fasa bakin robar silikon ɗin da na saya sai warin khal ya buge ni. Na tsaya. Irin wannan mai tsami ne, yana da kyau a gilashi da tayil, amma ba ya kama siminti da kyau. Wanda ake so a tsakanin alminiyam da bango shi ne marar tsami. Wannan karon na karanta kafin in matsa. An yi asarar roba ɗaya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na samo marar tsamin. Salatif a gefe biyu, na matsa a ja ɗaya, na lallashe da yatsa, na ɓare salatif ɗin tun yana ɗanye. Cikin minti 15 ya yi fata. Yana bushewa ne daga waje zuwa ciki, milimita 2 zuwa 3 a kwana, don haka na hana kowa taɓawa. Na kula ban toshe ramukan fitar ruwa ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Hinjin banɗaki: ɗigon man keken ɗinki a kowace gaɓa, ban da 'yar robar da ke zamewa a cikin layi, domin taurinta ne ke riƙe taga kada iska ta buga ta. Ta 10 tana rufe kanta, na ɗan ƙara ɗaure sukurun robar, ta tsaya.

Raga biyu. Ta farko na ja ta da yawa, firam ɗin ya lanƙwashe ciki kamar baka, ya ƙi zama. Na zare igiyar robar na sake, a sake-sake. Ta biyu minti 20.

Laraba, 14 ga Mayu

An yi ruwa da iska daren jiya, fiye da awa guda. Na bi ɗaki-ɗaki da tocila kamar mai gadi. Ta 4 a bushe, bango a bushe. Amma ta 9, wadda ban taɓa zarginta ba, ruwa ya tsaya a kwarinta har ya ɗan tsallako kan dakalin ciki. Ramukanta a buɗe suke, na tabbata.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ɗora awon magina mai ƙwayar ruwa a kan gindin ta 9. Ya karkato ciki. Tun wajen sakawa aka kafa ta a haka, ruwa yana taruwa a bayan kwarin, nesa da ramukan. Wannan ya fi ƙarfin soso da sukudireba. Mai aikin zai dawo ranar Talata ya sassauta firam ɗin ya cusa abin tallafi a ƙarƙashi, sannan in sake silikon ɗinta. Da ya ga ta 5 tana gudu ya ce: "Yallaɓai, ka hana mu ciniki."

Lissafi zuwa yau: tayoyi 4, gashin gefe mita 30 (saura kamar 6), silikon roba 3 har da wadda ta tashi a banza, gwangwanin feshi 1, kakin mota, raga mita 3, sukuru kwali 1. Lokaci, wajen awa 40. Duka kuɗin bai kai na sabuwar taga ɗaya ba.

Abin da ya rage: tayoyin ta 1 da ta 8 sun fara ƙara, zan sayo nasu in ajiye. Fentin bangon ɗakin kwana sai ya ƙara bushewa, zan ba shi wata guda. Na rubuta a kalanda: share kwari da duba ramuka duk wata 3, wankin firam duk wata 6. Firam ɗin kicin har yanzu ban yanke shawara ba. In fenti ne, sai an gurza a sa share fagen da ke kama alminiyam, kuma launin ba zai zo ɗaya da sauran ba. Uwargida ta ce a bar shi haka, ta riga ta saba ganinsa.